Ciwon kan asuba, ashe janareta ne

Sati uku muna tashi da ciwon kai da jiri a gidanmu na Agege, har yara. Maganin maleriya, gwajin taifod, duk a banza. Sai maiɗakina ta lura duk daren da aka kawo wuta garau muke tashi.

Tsoron ɓarayi ya sa nake kunna janareta a baranda, salansa na kallon tagarmu. Iskar kabon monoksaid kuwa, gubar da ke cikin hayaƙin janareta, ba wari, ba launi.

Na sayo doguwar waya mai kauri, na mai da janaretan fili, mita 6 daga kowace taga, salansa ta juya wa gida baya, na sa sarƙa da kwaɗo. Na kafa na'urar gano iskar, mai batir, a ƙofar ɗakin kwana, na danna maɓallin gwaji, ta yi ƙara. Alhamdulillahi, tun ranar babu wanda ya sake kuka da kai.