Masu gareji, dan Allah mu daina waɗannan kurakuran a baje kolin motoci na Dubai

Duk shekara in lokacin Automechanika na Dubai ya matso sai ka fara jin wane ya haɗa kuɗin tikiti, wane ya sayar da tsohuwar mota zai je ya gano wa idonsa, kuma in sun dawo labarin ɗaya ne, kuɗi sun tafi, wasu ma kaya sun maƙale a Legas, gareji kuma yana nan yadda aka bar shi. Na gaji da maimaita magana ɗaya ga mutum ɗaya-ɗaya a waya shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya. Abin da zan faɗa yadda nake yi ne, wani ogan yana iya samun nasa tsarin daban.

Abu na farko da sabon zuwa baya ganewa, wannan baje kolin na manyan dillalai ne. Kamfanin Messe Frankfurt na Jamus ne ke shirya shi, su suka fara shi a Frankfurt tun 1971, na Dubai ɗin a World Trade Centre aka daɗe ana yi, kwana uku kacal. Mutumin da ke zaune a rumfa yana jiran wanda zai ce masa a loda min kwantena ne. Kai kuma mai gareji kana buƙatar falogi dozin biyu da shokozoba na Corolla saiti huɗu. In ka tambayi farashi ya faɗa maka, wannan farashin na mai ɗaukar guda dubu ne, kada ka rubuta shi a littafi ka dawo gida kana cewa 'yan Ƙofar Ruwa suna cutarmu. Tambayar da za ka fara yi ita ce mafi ƙarancin adadin da suke sayarwa, sannan waye wakilinsu a Najeriya. Sau da yawa amfanin tafiyar gaba ɗaya lambar wakilin nan ce, yana nan a kasuwannin kayan mota na Legas, Ladipo ko ASPAMDA, ko ma a Kano kusa da kai baka sani ba.

Toh mu zo kan kwamfutar duba mota, domin nan ne aka fi zubar da kuɗi, nan ne ni ma na ƙone hannu. Za ka tarar da rumfa an jera sikana kala-kala, an jona ɗaya a jikin injin gwaji, yaro mai bakin zaƙi yana latsawa tana karanto komai cikin daƙiƙa. Na sayi ɗaya mai tsada, kuɗin da na daɗe ina tarawa, farashin ya fi na gida sauƙi sosai kuma shi ya ja ni. Na dawo da ita ta yi aiki lafiya har ranar da na jona ta da intanet don sabunta manhaja, sai ta kulle. Ashe an yi mata rijista ne don wani yankin duniya daban, kuma wakilin kamfanin na ɓangarenmu ya ce shi bai san da ita ba tunda ba ta hannunsa ta fito ba. Wanda ya sayar min kuma ya daina amsa saƙo. Motocin mutane na ajiye a gareji, na riga na gaya wa kwastomomi cewa yanzu muna da kwamfuta, haka na koma ɗaukar hayar ta wani ina biyansa kowace mota. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, domin tambaya ɗaya ce tak da zan yi a rumfar ta hana duk wannan.

Yanzu ban taɓa sikana sai an amsa min abubuwa a rubuce, a jikin takardar ciniki, ba da baki ba. Shin lambar jikinta za ta yi rijista a Najeriya? Shekara nawa ne sabuntawa kyauta, kuma bayan nan nawa ake biya duk shekara? In ban biya ba na'urar tana ci gaba da aiki da tsohuwar manhaja ko tana rufe wasu ayyukan? In ta lalace wa zan kai wa? Kuma ina sa a yi rijistar a gabana da imel ɗina, ba na mai rumfa ba, domin in da nasa aka yi to na'urar tasa ce kai riƙo kawai kake yi. Sannan ka daina burgewa da karanto lambar matsala, wannan ko 'yar ƙaramar na'urar da ake jonawa da waya tana yi, tun 1996 motocin Amurka duk suna da soket ɗin OBD2 inda ake jona irin wannan na'ura. Abin da kake biya wa kuɗi shi ne ta shiga giya da birki da jakar iska, ta iya ba wa fanka ko famfon mai umarni ya tashi ka gani, ta iya haɗa sabon makulli ko sabon birenbos, wato kwamfutar cikin motar, da mota. Ka ce a nuna maka jerin motocin da take yi wa waɗannan ayyukan, ka nemo Camry da Accord da Sienna da Hilux da 406 da Golf a ciki da idonka, shekara-shekara. Wasu sababbin motocin ma irin su Jeep da Dodge daga wajen 2018 suna da wata ƙofar tsaro da sai ka yi rijista daban ta intanet kafin na'ura ta taɓa komai, mai rumfa ba zai fara gaya maka ba.

Wannan ya kawo ni kan abin da nake faɗa wa kowa kuma ba a ji. Kafin ka hau jirgi ka zauna da babban yaronka ku rubuta motocin da suka shigo garejin a watannin baya, da aikin da kuka mayar saboda ba ku da kayan yinsa. Wannan takardar ita ce za ta yi maka jagora. Yawancin motocinmu 'yan Kwatano ne da aka kawo daga Amurka da Kanada ko Turai, alhali yawancin kayan da ake tallata wa a Dubai na motocin da aka ƙera wa ƙasashen Larabawa ne, suna ɗaya, shekara ɗaya, amma fitila ko sensa ko lagireto ya bambanta. Ka tafi da lambobin shasi na motocin da ka fi gyarawa, harufa da lambobi 17 ne, da lambar jikin kayan. "Na Camry 2010" ba tambaya ba ce a wurin.

Bayan sikana, na biyu da ke tayar min da hankali shi ne lif. Kowa ya ga lif mai ƙafa biyu ya ɗaga jif sama sai ya ji garejinsa ya raina shi. Haba malam! Wace wuta gare ka? Da yawa daga cikin lif da kwamfuresa da injin cire taya da ake nunawa na wuta mai layi uku ne, 380, kai kuma layi ɗaya ne a garejinka, 220, ita ɗin ma sai ta ga dama take zuwa, janareton kuma ƙarami ne da ko mota ba a ɗora ba zai shaƙe da zarar injin lif ɗin ya ja wuta. Akwai wani abokin sana'a da lif ɗinsa ya daɗe a kwance cikin akwatin katako a bayan gareji, ruwan sama ya dake shi har fentin ya fara tashi, dalili kuwa bai tambayi wutar ba, kuma rufin garejin bai kai tsayin ba, irin wannan lif yana son kusan mita huɗu. Ga maganar ƙasa, daɓen siminti na shafe-shafe ba ya riƙe lif, sai an fasa an zuba kankare mai kauri da rodi yadda kamfanin ya rubuta a littafin, a bar shi ya bushe sosai kafin a ɗaura ƙusoshi. Wannan ba maganar asarar kuɗi kaɗai ba ce, yaron wani ne zai tsaya ƙarƙashin motar, iyayensa amana suka ba ka. In ba za ka iya kankaren da wutar ba ka gyara raminka ka sa masa fitila mai kyau, ka sayi jak masu ƙarfi da abin tokare mota, wallahi ya fi maka. Ni tsarina shi ne ina auna faɗi da tsayin gareji in ɗauki hoton mita da farantin jikin janareto a waya, duk injin da ya burge ni sai na nuna musu hoton na ce zai tashi da wannan? Yawancin kamfanonin suna da mai layi ɗaya in ka nema tun kafin a haɗa maka.

Sai lissafin kawowa gida. Farashin da aka faɗa maka na ina ne, na bakin masana'anta, na kan jirgin ruwa a tasharsu, ko har tashar Apapa a Legas? Kayan ma yawanci ba a Dubai suke ba, suna Sin ko Turkiyya ko Indiya, samfuri kawai aka kawo. Ka ɗora kuɗin jirgi wanda ake lissafawa da girman akwati, da na kwastan, da ejan, da mota daga Legas zuwa Arewa. Form M, wato fom ɗin shigo da kaya, ana buɗe shi ne ta banki kafin kaya su taso, kayan da ke buƙatar takardar shaidar inganci ta SONCAP kuma a can ake tantance su, in ka bari suka iso babu takarda kuɗin ajiya na tasha kullum hawa yake. Ƙaramin mai gareji ya fi dacewa ya haɗa kaya da wasu ta hannun mai jigila da aka sani. Kuma kada ka tura kuɗi asusun mutum, sai mai sunan kamfanin da ke kan takarda, in aka turo imel cewa mun canza asusu ka kira wanda kuka gaisa da shi a rumfa ka ji daga bakinsa.

Abin da ke ba ni takaici kuma, mutum ya kashe wannan kuɗin ya zo, sai ya ƙare kwana ukun a wajen rim masu ƙyalli da fitilun ado yana ɗaukar hoto don Facebook, ɓangaren kayan gyara da gwaji ko leƙawa bai yi ba. Can ne ake nuna abin da zai shigo garejinka nan da 'yan shekaru. Motocin Turai sababbi tun 2017 gas ɗin AC ɗinsu R1234yf ne, na Amurka ma sun koma kansa, mu kuma har yanzu R134a muke ɗura wa kowace mota. Ga motoci masu haɗin batir da fetur, wayoyin nan masu ruwan lemu wuta ce mai kisa a cikinsu, suna da safar hannu ta musamman da tsarin kashe wutar kafin a taɓa. Ga giya CVT, wani nau'in giya mai sarrafa kanta, da ake zuba wa man giya na gama-gari ana kashewa, ga injin da aka rubuta masa baƙin mai marar kauri 0W-20 ana zuba masa mai kauri 20W-50 wai ai ƙasarmu da zafi. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kuma mutane ke neman a mayar musu da mota mai amfani da iskar gas ta CNG. Injiniyoyin kamfanonin suna tsaye a rumfa, ka tambaye su, kyauta ne, ko Turancinka bai da yawa ka nuna hoton matsalar a waya za su gane.

Sauran ƙanana ne. Ka yi rijista ta intanet tun daga gida, kuma ka duba kwanan wata da kanka domin a da wajen tsakiyar shekara ake yi yanzu ya koma ƙarshenta. Biza ka fara da wuri, mun ga yadda aka rufe wa 'yan Najeriya daga 2022 har Yulin 2024, kada ka biya otal da ba a mayar da kuɗi kafin ta fito. Ka buga kati mai sunan gareji da lambar WhatsApp, duk katin da aka ba ka kuma ka ɗauki hotonsa tare da kayan rumfar, in ba haka ba ka dawo da kati cike da leda ba ka san na waye ba. Takalmi mai taushi. In a unguwar Deira ka sauka jirgin ƙasa na Metro yana da tasha a bakin wurin, ya fi tasi sauƙi da safe. Kiran WhatsApp ba ya tafiya a can sai rubutu da saƙon murya, ka gaya wa yaran gareji tun kafin ka tafi. Kuɗin hannu in sun haura dala 10,000 sai ka bayyana a filin jirginmu, a can kuma dirhami 60,000. Saƙon wani da ba ka buɗe ba kada ka ɗauka, magunguna irin su tramadol kuma suna kai mutum kurkuku. Gwangwanin feshi da ake rabawa kyauta ba ya hawa jirgi.

In ka tsallaka Sharjah wajen tsofaffin injina, wanda ina ganin ya kamata ka ware masa yini guda bayan an tashi, ka lura da yawa yankakkun motocin daga Japan suke, sitiyarin dama. Injin da giya za su iya zama, amma rak ɗin sitiyari da dashbod da wayarin ba za su shiga motarmu ba. Ka sa a cire falogi ka gani, a buɗe murfin baƙin mai ka leƙa, a juya injin da hannu, sannan ka rubuta alamarka da fenti a jikinsa ka ɗauki hoton lambar injin kafin ka biya, domin wanda ka zaɓa da wanda ake lodawa ba kullum suke zama ɗaya ba.