Fibromiyaljiya da ƙarancin numfashi: kurakuran da aka fi yi

Mace ta yi wata da watanni jikinta duk ciwo, barci ba ya wartsakar da ita, sai ta ce ƙirjinta kamar an ɗaure da igiya, numfashi ba ya kai mata ciki. Tun kafin ta ga likita ƴan gida sun yanke hukunci: asma ce. A nan ake fara ɓata hanya, don mai yiwuwa fibromiyaljiya ce, wato ciwon jiki duka mai daɗewa da ke zuwa da gajiya da rashin barci mai daɗi.

Yawancin masu fibromiyaljiya in an sa su hura na'urar awon huhu, lafiya lau sakamakon ke fitowa. Tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari da na ƙasan ƙirji ne ke ciwo, ƙarfinsu ya ragu, sai mutum ya riƙa jan numfashi gajere-gajere daga sama don gudun zafi. A danna inda haƙarƙari ya haɗu da ƙashin ƙirji, sau da yawa za a ga ta zabura. Ventolin, maganin asma da ake shaƙa, aikinsa buɗe hanyoyin iska, su kuwa ba a rufe suke ba. Rawar hannu da faɗuwar gaba kawai zai bar mata.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne tramol. Likita ya rubuta pregabalin, maganin ciwon jijiyoyi, ciwo bai lafa cikin kwana uku ba, sai a tsayar da mai tallan magani a tire a bakin kasuwar Maradi a ƙara tramol, da dare kuma a ɗora diyazefam don barci. Haba jama'a! Ukun nan kowanne yana rage ƙwazon ƙwaƙwalwa wajen sarrafa numfashi. A 2019 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi musamman kan haɗa pregabalin da irin waɗannan. Ga mai minshari, wadda numfashinta ke ɗaukewa cikin barci, haɗarin ninki ne. Wadda aka ga tana wuyar tashi, leɓenta ya sauya launi, asibiti za a nufa da ita a take.

Akwai kuma masu ɗora wa fibromiyaljiya komai. Tarin da ya wuce sati 2 a kai majina awon tarin fuka. A duba jini, don ƙarancinsa ma na sa haki. Mai jego da ƙafa ta kumbura, ba ta iya kwanciya sai da tulin matashi, zuciya za a duba. Na'urar yatsa mai auna iskar oksijin a jini ta nuna ƙasa da 92, ba maganar tsoka ba ce.

A daina ce wa mai fibromiyaljiya "ja numfashi da ƙarfi". Zuƙa da sauri na jawo jiri da tsirtsirin yatsu. Ni dai ga abin da nake sa a yi: kwanciya rigingine, matashi ƙarƙashin gwiwa, hannu kan cibiya. A shaƙa ta hanci a ƙirga 4, ciki ya taso, kafaɗa na nan inda take. A fitar ta baki a ƙirga 6, kamar mai hura koko. Minti 5, safe da yamma.

Kwanciya wuni guda ƙara raunana tsoka yake. Tafiyar minti 10 bayan la'asar ta isa mafari. Hayaƙin murhu da turaren wuta a ɗaki rufe, a rage. Da hunturu a rufe hanci in za a fita, a kuma sassauta ɗaurin zane daga ƙirji.