Yadda ake rubuta ƙagaggen labari akan tarihi, misali Kano a 1903

Shekara biyu kenan ina kan labarin wani yaro ɗan marina a Ƙofar Mata a lokacin da Nasara suka ci Kano, kuma ana yawan tambayata wai ta ina ake farawa, to ga yadda nake yi.

Da farko ka tsaida wuri ɗaya da lokaci ɗaya, kar kace "zamanin da" kawai, don zamanin da ɗin yana da faɗi. Ni na ɗauki 3 ga Fabrairu 1903. Sarki Alu baya gari ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa, sojojin Kanar Morland suka taso daga Zariya suka fasa Bebeji a hanya sannan suka shigo birni. Daga baya aka kashe Wazirin Kano Ahmadu a yaƙin Kwatarkwashi, aka naɗa Abbas sabon sarki, shi kuwa Alu a Lakwaja ya ƙare rayuwarsa a 1926. Wannan shine ƙashin bayan labarin, ba'a taɓa shi ko da kuwa canzawar zata ƙara armashi.

Na biyu ka ƙirƙiri mutuminka, kuma shawarata ya zama talaka. Sarki an riga an rubuta inda yaje da abinda yayi, in ka saka masa magana a baki zuri'arsa suna nan da ransu kuma suna da haƙƙi a kanka, amma yaron da hannunsa yayi shuɗi da baba ba wanda ya rubuta tsoron da yaji da igwa ta tashi, nan ne filinka.

Sai karatu. In da hali kaje Kaduna, cibiyar binciken tarihi ta Arewa House da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, a Kano kuma ka leƙa Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa. Rahoton Turawa yana da amfani wajen kwanan wata amma ka tuna wanda yayi nasara ne ya rubuta shi, dole ka haɗa da waƙoƙin ajami da kuma bakin tsofaffi. Ni littafin rubutu biyu nake ajiyewa, ɗaya na abinda ya tabbata tare da inda na samo shi, ɗaya na abinda na ƙaga, saboda wallahi bayan wata shida sai su cakuɗe maka a kai ka kasa rabewa.

Na huɗu kuma anan aikin yake, ƙananan abubuwa. Mutuminka in yaje kasuwar Kurmi da kuɗin wuri zai biya, manyan fatake kuma da keso suke lissafi, wato wuri 20,000 a ƙunshe. Ba ashana sai ƙyastu, ko a ɗebo garwashi a maƙota. Ba zai ce ƙarfe tara ba, zai ce da hantsi ko da walaha ko bayan la'asar. Goro daga Gwanja yake zuwa akan jakuna ana kwana zango zango, jirgin ƙasa kuwa sai 1911 layinsa ya iso Kano, don haka kar wani yaji kukansa a labarinka. Sannan abinda mutane da yawa ke mantawa, duk baligin da ke birnin ranar ya ga basasar Tukurawa da Yusufawa da aka fara a 1893, wato rikicin sarauta tsakanin ɓangaren Sarki Tukur da ɓangaren Yusufu wanda ya ɗora Alu kan gado, akwai gidan da har lokacin basa ga maciji da maƙotansu, kaga ba kowa ne zai kalli faɗuwar Alu da ido ɗaya ba. Wannan kaɗai ya bani babi uku.

Harshe ma haka, ka cire su mota da ofis da minti daga bakin mutanenka, amma kar ka cika shi da tsofaffin kalmomin da mai karatu zai gaji, ɗaya biyu a shafi sun isa.

Daga nan ka fara rubutu tun bincike bai ƙare ba, don baya ƙarewa. Ni shafi ɗaya nake yi bayan sallar asuba kafin gida ya tashi, inda na rasa wani bayani sai in saka tauraro in wuce, ranar Asabar in bi taurarin ɗaya bayan ɗaya.

In ka gama babi ka bawa mutum biyu, wanda ya san tarihi da wanda labari kawai yake so, sannan ka nemi mai sana'ar ka karanta masa da baki. Da na karanta ma wani dattijo a karofi babin farko, shiru yayi har na kai ƙarshe, sannan yace yaron nawa ya tsoma zane a ranar da aka haɗa baba da toka da katsi, wato dagwalon tsohon rini, alhali sai rinin ya kwana kwanaki ya nuna tukunna. Satin nan wannan shafin nake sakewa.