Yadda za ka kalli opera ɗin The Saint of Bleecker Street ba tare da barci ya kwashe ka ba

Da farko dai ka san labarin kafin ka kunna, don opera wasan kwaikwayo ne na waƙa, a wannan kuwa komai rera shi ake yi har faɗa da gori, kuma duk da cewa da Turanci Gian Carlo Menotti ya rubuta ta, in mawaƙiya ta ja murya sama wallahi rabin kalmomin wuce ka za su yi. In ka samu mai fassara a ƙasan allo ka more.

A unguwar 'yan Italiya da ke New York abin ya faru. Annina yarinya ce mai yawan ciwo, ran Juma'ar da ke gaban Ista sai raunuka su fito mata a tafin hannu irin na ƙusa, kamar yadda Kiristoci suka yi imani an yi wa Yesu a kan gicciye, maƙwabta su cika ɗakin maƙil kowa na son ya taɓa ta ya samu tabarraki. Ɗan'uwanta Michele shi kam bai yarda da ko ɗaya ba, a ganinsa asibiti take buƙata, ya fatattake su har da Fada Don Marco.

To a nan ne shawarata, kar ka yi saurin ɗaukar ɓangare. Ka sa kunne sosai ga taron jama'a in suna rerawa tare, muryoyin nan masu daɗin addu'a su ne dai a bikin waliyyinsu San Gennaro suka lakaɗa wa Michele duka suka ɗaure shi a shinge suka tafi da yarinyar. Shi ma ɗin ba kanwar lasa ba ne, a wajen bikin auren Carmela ƙawar Annina ya daɓa wa budurwarsa Desideria wuƙa bayan ta ce son da yake wa Annina ya wuce na 'yan'uwantaka. Kafin nan akwai waƙar da yake ce musu ya san duk sun tsane shi, ita kam ka maimaita ta, Menotti ma baƙo ne a Amurka kamar mutanen unguwar, ɗan Italiya ne da ya je karatu Philadelphia a 1928.

An fara nuna ta a Disamban 1954, ta ci kyautar Pulitzer a 1955. Kashi uku ce, ba dole ka cinye a zama ɗaya ba, amma na ukun inda Annina ke zama sistar coci ka kalle shi a jere, kuma da iyafis, sifikar waya kashe ƙananan muryoyin take.