Yadda Ake Kama Fakitin Netwok da Wireshark Ta Hanyar Rubuta Soket da Kanka

Ranar da na fara buɗe Wireshark, manhajar da ke kamawa ta nuna maka fakiti, wato ƙananan ƙunshin bayanai da ke yawo a netwok, wayifai na gida na zaɓa na danna maɓallin farawa. Kafin in gyara zama, layuka sun cika fuskar kwamfuta suna gudu kamar ruwan kwata bayan an tafka ruwan sama, wasu kore, wasu baƙaƙe, wasu ruwan toka. Ban gane ko ɗaya ba. Na rufe, na yi wata biyu ban koma ba. Kuskurena shi ne na shiga kasuwa ranar da take ci ina neman gane muryar mutum ɗaya. Hanyar da na ga ta fi ita ce ka ƙirƙiri hira ƙarama da hannunka, tsakanin shirye-shirye biyu da kai ka rubuta, sannan ka laɓe ka saurara. Tunda ka san abin da aka faɗa, gane yadda ya bi waya ba zai yi wuya ba.

Kayan aiki

Abu biyu kake bukata: Python 3 da Wireshark, duk kyauta. Wireshark tsohon hannu ne. Gerald Combs ya fara shi a 1998 da sunan Ethereal, aka sauya masa suna a 2006. Idan Windows kake amfani da ita, lokacin girkawa zai tambaye ka ko a sa Npcap. Ka amince, domin shi ne ke ɗauko fakitin daga katin netwok. A Ubuntu ko Debian kuma zai tambaya ko a bar wanda ba babban mai iko (root) ba ya kama fakiti. Ka ce eh, ka rubuta `sudo usermod -aG wireshark $USER`, ka fita daga asusunka ka sake shiga. Wannan gwajin farko ba ya cin data ko kaɗan, domin komai a cikin kwamfutarka zai faru.

Mataki na farko: rubuta mai sauraro

Soket bakin layi ne da shiri ke riƙewa don magana da wani shirin. Tsarin ya fito daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, cikin 4.2BSD a 1983, kuma sunayen umarninsa har yau ba su sauya ba. Kowane soket yana da adireshi da lambar ƙofa, wadda za ka gani an rubuta port. Adireshi shi ne gidan, ƙofa kuma ɗakin da ake nema a cikin gidan. Lambobin daga 0 zuwa 65535 ne, amma a Linux waɗanda ke ƙasa da 1024 sai da izinin babban mai iko, shi ya sa za mu ɗauki 5050.

Buɗe fayil, ka sa masa suna saurara.py:

```python
import socket

s = socket.socket(socket.AF_INET, socket.SOCK_STREAM)
s.setsockopt(socket.SOL_SOCKET, socket.SO_REUSEADDR, 1)
s.bind(("127.0.0.1", 5050))
s.listen(1)
layi, adireshi = s.accept()
sako = layi.recv(1024)
print(adireshi, sako.decode("utf-8"))
layi.sendall("Yauwa, na ji".encode("utf-8"))
layi.close()
s.close()
```

`AF_INET` na nufin IPv4, wato tsarin adireshi mai lambobi huɗu irin 127.0.0.1, `SOCK_STREAM` kuma TCP, ƙa'idar da ke tabbatar da saƙo ya isa cikakke kuma a jere. `bind` ya kama ƙofa, `listen` ya sanar cewa ana karɓar baƙi, `accept` ya zauna jira. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne `accept` yana dawo da sabon soket. Na farko mai gadi ne, aikinsa tarbar baƙo. Hirar kuwa a kan na biyun take, wanda na kira `layi`. Adireshin 127.0.0.1 kuma kwamfuta ce ke kiran kanta da shi, duk abin da aka aika can ba ya fita waje.

Mataki na biyu: rubuta mai kira

Fayil na biyu, kira.py, ya fi gajarta:

```python
import socket

k = socket.socket(socket.AF_INET, socket.SOCK_STREAM)
k.connect(("127.0.0.1", 5050))
k.sendall("Sannu da ƙoƙari".encode("utf-8"))
print(k.recv(1024).decode("utf-8"))
k.close()
```

Da gangan na zaɓi gaisuwa mai ƙ guda biyu. Za ka ga dalili nan gaba kaɗan. Kada ka kunna komai tukuna.

Mataki na uku: ɗana tarko kafin tsuntsu ya sauka

Buɗe Wireshark. Zai jero maka hanyoyin da kwamfutar ke da su. Nan ne mutane da yawa ke ɓata, ni ma na ɓata: idan ka zaɓi wayifai, ba za ka ga komai na gwajinmu ba, sai ka yi ta zargin shirinka alhali lafiyarsa ƙalau. Hanyar cikin gida za ka zaɓa. A Linux sunanta `lo`, a macOS `lo0`, a Windows kuma an rubuta Adapter for loopback traffic capture.

Wireshark yana da rariya iri biyu, kuma harshensu ba ɗaya ba ne. Ta farko ana sa ta kafin a fara kamu, a akwatin da ke saman jerin hanyoyi, ana rubuta `tcp port 5050`. Duk abin da ba ta bari ya wuce ba ya tafi ke nan. Ta biyu ana sa ta bayan an kama, a dogon akwatin sama, ana rubuta `tcp.port == 5050`. Ita ɓoyewa kawai take yi, ka goge ta komai ya dawo. Idan rubutunka daidai ne akwatin zai yi kore, idan da kuskure ya yi ja. Ni ta biyun nake ba mai koyo shawara ya riƙa amfani da ita.

Yanzu fara kamu. Buɗe tagar umarni biyu. A ta farko `python3 saurara.py`, a ta biyu `python3 kira.py`. Da ka ga "Yauwa, na ji" ta fito, koma Wireshark ka danna jan maɓalli ka tsayar.

Mataki na huɗu: karanta abin da ka kama

Layuka goma ne ko kusa da haka. Uku na farko babu ko harafi ɗaya na saƙonka a ciki. Mai kira ya aika SYN, mai sauraro ya mayar da SYN, ACK, mai kira ya rufe da ACK. Sallama ce, da amsa sallama, da "to madalla". TCP ba ya faɗin abin da ya kawo shi sai an gama wannan. Lura kuma da lambar ƙofar mai kira: wata babbar lamba ce da ba kai ka zaɓa ba. Kwamfuta ce ta ara masa, a Linux galibi tsakanin 32768 da 60999, kuma za ta sauya duk sanda ka sake kunna shirin.

Layi na huɗu yana ɗauke da PSH, ACK, kuma a ƙarshensa an rubuta Len=17, wato tsawon saƙon bayit 17 ne. Ƙirga haruffan "Sannu da ƙoƙari" har da tazara biyu: 15 ne. Ina biyun suka fito? Danna layin, ka duba akwatin ƙasa inda ake nuna ɗanyen bayit. Za ka ga 53 61 6e 6e 75, wato Sannu, sai 20 na tazara. Ka ci gaba har inda ƙ ya kamata ta kasance, za ka tarar da c6 99. A tsarin UTF-8 haruffanmu masu lanƙwasa bayit biyu-biyu suke ci: ɗ ita ce c9 97, ɓ kuma c9 93. A gefen dama, inda Wireshark ke ƙoƙarin nuna rubutu, ɗigo biyu zai sa a gurbin ƙ. Wannan ƙaramin abu ya taɓa cinye min yini guda, lokacin da na ƙirga tsawon saƙo da haruffa maimakon bayit, wutsiyar kowane saƙo mai ƙ ta riƙa guntulewa.

Layin da ke biye yana cewa Ack=18. Ma'anarsa: "na karɓi komai har 17, na 18 nake jira." Da wannan lissafin TCP ke gane abin da ya ɓace a hanya ya sake aikawa. Lambobin ainihi manya ne kuma ba daga sifili suke farawa ba. Wireshark ne ke rage su don sauƙin karatu. Sai amsar mai sauraro da Len=12, daga nan FIN daga kowane ɓangare, kowa ya yi sallama da kansa.

A akwatin tsakiya za ka ga fakiti ɗaya a ninke kamar kayan da aka ƙunshe a leda aka sa a kwali aka ɗaure a buhu. Bayanin da IPv4 ke liƙawa a gaban fakiti bayit 20 ne aƙalla, na TCP ma 20 aƙalla. Wato don aika gaisuwa mai bayit 17, kwalin ya fi kayan nauyi. Idan kana son ganin hirar a jere ba lissafi, danna dama a kan kowane layi, ka zaɓi Follow, sannan TCP Stream.

Mataki na biyar: ɓata shi da gangan

Nan ne ake koyo na gaske. Kunna kira.py ba tare da mai sauraro ba. Python zai yi ƙorafin ConnectionRefusedError, a Wireshark kuma za ka ga SYN an mayar masa da RST, ACK a jan layi. Ba kowa a ɗakin, an ce ya koma. A Windows za ka ga ya sake ƙwanƙwasawa kafin ya haƙura.

Sai ka goge layin `SO_REUSEADDR`, ka gudanar da hirar, ka sake kunna mai sauraro nan take. A Linux galibi za ka sha Address already in use. Wanda ya fara rufe layi yana shiga wani hali da ake kira TIME_WAIT, na daƙiƙa 60 a Linux, don kada fakitin da ya makara ya faɗa cikin sabuwar hira. `ss -tan` zai nuna maka shi a zaune.

Gwaji na uku ya fi muhimmanci. A kira.py sa `sendall` biyu a jere. Wani lokaci `recv` ɗaya zai kwaso saƙonnin biyu a manne, wani lokaci na farko kaɗai. TCP bai san iyakar saƙo ba, ruwa ne a bututu: bokiti biyu ka zuba, amma a ɗaya bakin ba alamar inda na farko ya ƙare. Kai za ka sa iyaka, ko dai ka rufe kowane saƙo da alamar sabon layi, ko ka fara aika tsawonsa, ka yi ta `recv` har adadin ya cika. Idan `recv` ya dawo da wofi, ɗayan ya rufe layi ke nan.

Idan babu fuska mai hoto

A kwamfutar saba (server) da kake shiga daga nesa, tcpdump, mai kama fakiti daga tagar umarni, shi ne abokin tafiya. Ya girmi Wireshark da shekara goma; Van Jacobson da Craig Leres da Steven McCanne suka rubuta shi a 1988 a ɗakin bincike na Lawrence Berkeley. `sudo tcpdump -i lo -nn -X tcp port 5050` zai nuna maka abin da muka gani a sama. Ƙara `-w gwaji.pcap` ya ajiye a fayil, ka ɗauko ka buɗe a Wireshark a nutse.

Yanzu koma kasuwa

Zaɓi wayifai ɗinka, sa rariyar `dns` (tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa adireshi), ka rubuta `nslookup wikipedia.org` a tagar umarni. Kowace tambaya da amsarta ɗaya, a kan UDP, takwaran TCP, ƙofa 53, babu sallama babu bankwana. Sai ka sauya rariya zuwa `tls.handshake.type == 1` ka buɗe wani shafi. A yawancin lokuta za ka ga sunan shafin a fili cikin Client Hello, saƙon farko na TLS mai kulle hira, amma abin da ya biyo baya Application Data ne kawai, a kulle. Wasu shafukan ma ba za su fito a nan ba, domin sun koma wata sabuwar ƙa'ida mai suna QUIC a kan UDP ƙofa 443. Rubuta `quic` ka gan su. Gaisuwarmu ta ɗazu kuwa tsirara ta bi layi, duk wanda ke kan hanya zai iya karantawa.

Ka tsaya kan kwamfutarka da netwok ɗinka, ko inda aka ba ka izini a fili. A Najeriya dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta tare bayanan wani ba da izini ba. Fayil ɗin pcap ma kada ka tura shi zauren WhatsApp don neman taimako sai ka tace shi, domin yakan kwaso adireshi da sunayen shafukan da kowa a gidan ya buɗe. A menu na File akwai Export Specified Packets. Zaɓi Displayed, ka fitar da layukan da rariyarka ta bari kaɗai.