Yadda za ki tashi daga ƙullin cincin a leda har ki kai ga kayanki a kanti

'Yar uwa in Allah ya ba ki hannun suya kuma kullum ana ce miki "ai da sayarwa kike da kin samu kuɗi", to ki ɗan tsaya ki karanta. Ni da kwano ɗaya na fulawa na fara, da kaskon da muke suyar gida da shi, in ƙulla a farar leda ƙanina ya kai min ƙofar islamiyya da la'asar, kuma wallahi abin da ya ɗaga ni daga nan ba daɗin cincin ɗin ba ne kaɗai, don masu yi da daɗi suna da yawa, awo ne da lissafi.

Da farko ki ɗauki abu ɗaya ki riƙe, kuma ya zama mai jure ajiya: cincin, ko dublan, ko alkaki, ko gyaɗa mai gishiri, ko kantun riɗi. Fanke da su samosa in ba su ƙare yau ba gobe asara ce, mai ƙaramin jari ba za ta iya da wannan ba.

Sai sikeli. Ki saye shi tun kafin ki yi tunanin sitika mai kyau. Awon "cika hannu" da "ɗan barbaɗa" na girkin gida ne, a kasuwa wanda ya ci yau ya ji daɗi gobe irinsa sak yake so. Ki auna fulawa da suga da bota da madara da gyaɗar ƙamshi, ki rubuta a littafi, ki soya, in ya huce ki auna ki ga leda nawa ya fitar. Sannan ki zauna ki tara komai da kika kashe, har man da suyar ta sha, har gas ko gawayi, har leda, har kuɗin adaidaita da kika hau zuwa kasuwa, ki kuma yanka wa kanki ladan aiki, eh ke ma ma'aikaciya ce, in ba ki sa ba ranar da kika ɗauki mai taya ki za ki ga ashe ribar da kike gani guminki ne kawai. Ki raba jimlar da yawan ledojin, shi ne kuɗin da kowace leda ta ci, daga nan ne za ki san farashi. Duk sanda fulawa ta tashi ki sake wannan lissafin, kar ki yi jiran sai kin ga jari na zagwanyewa.

Kuɗin sana'a daban na cefane daban. Ki buɗe masa asusunsa ko a waya ne, kuma ki gaya wa mutanen gida cikin mutunci cewa wannan na sayarwa ne, in za ki ba su ki ware musu ki rubuta.

Wani abu da ya taɓa ƙona min rai: na samu odar wani shago, ina sauri na zuba cincin a leda da ɗuminsa na like. Bayan kwana uku mai shagon ya kira ni, na je na ga ledojin duk gumi ya kwanta a ciki, na fasa ɗaya na sa a baki ba garas-garas ɗin nan, ya yi lagwaf. Na kwashe kayana na dawo da su gida. Tun daga ranar sai na baza shi a faffaɗan tire ya sha iska ya huce sarai kafin ya ga leda. Haka mai, in ya fara duhu yana kumfa ki sauke shi, shi ne yake sa kaya su yi wari tun ba su yi sati biyu ba.

Sayayya kuwa in kina Kano, fulawa da suga da mai kasuwar Singa, gyaɗa da riɗi Dawanau, kuma da kaka sun fi sauƙi. Buhun fulawa kilo 50 ne, in ya fi ƙarfinki ku haɗu ku biyu ko uku ku raba, ya fi awon kwano nesa ba kusa ba. Gyaɗa dan Allah ki tsince ta da kyau, duk wadda ta yi baƙi ko fumfuna ki zubar, akwai gubar da take fitarwa mai lalata hanta kuma suya ba ta kashe ta.

Masu shago yawanci cewa za su yi ki ajiye sai an sayar a biya ki. Ki yarda amma kaɗan-kaɗan, leda goma ko ashirin, ki rubuta ya sa hannu, ku tsayar da ranar karɓar kuɗi, wanda ya saɓa sau biyu ki daina kai masa ko da ɗan unguwarku ne. Ni da kuɗin adashe na sayi injin like leda, kuma shi ne abu na farko da ya sa kayana suka fara shiga shagunan bakin titi.

In kin ga oda ta fara fin ƙarfin kicin, lokacin takardu ya yi. Ki fara da rajistar sunan sana'a a CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, sai NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna, don manyan kantuna ba sa ɗora kayan ci a kanta ba lambarta. Jami'an NAFDAC za su zo su duba inda kike aikin, saboda haka ki ware ɗaki na musamman mai tsafta da raga a taga, masu aiki su yi gwajin lafiya, a rufe kai a sa safar hannu. A jikin sitika ki sa sunan kaya da abubuwan da aka haɗa da nauyi da adireshi da ranar da aka yi da ranar da zai daina aiki da lambar rukunin suyar. Kuma daga kowace suya ki ajiye leda ɗaya a gida ki rubuta mata kwanan wata, duk sati ki duba ta, da ita za ki san ainihin kwanakin da kayanki suke yi kafin ki buga wata rana a sitika.