Baƙin mai: SAE 40 ko 10W-40?

Jama'a kafin ku yi juye ku riƙa duba lambar jikin galan fa, ita ke nuna kaurin man. Mai lamba ɗaya irin SAE 40 in inji ya kwana ya huce kauri yake yi, ka tada mota da safe sai ya ɗau lokaci kafin ya zagaya, kuma a ɗan tsakanin nan ne ƙarafa suka fi cin juna. Mai lamba biyu kuwa irin 10W-40, W ɗin nan na sanyi ne, da wuri yake gudu kuma in inji ya ɗau zafi yana riƙe kaurinsa. Ni dai SAE 40 tsohon inji nake bar wa. Motar zamani duba littafinta, in 5W-30 aka rubuta shi za ka zuba, kar bakanike ya ce maka wai mai kauri ya fi.